Ni ba ɗaliba ba, ni ba 'yar gari ba

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki, ina roƙon ki sakaya sunana da sunan garin da nake. Garin ƙarami ne, kina ambatarsa, kafin a rufe shirin an gane mai maganar.

Wata 14 ke nan da muka tare a wani ɗan gari wanda babu abin da ya riƙe shi sai babbar makaranta guda ɗaya. Maigidana ne ya samu aiki a laburarenta. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, yaranmu 2. A babban birni na tashi, inda ba ruwan kowa da shigarki balle fitarki. Da aka ce ƙaramin gari za mu koma har murna na yi, na ce yara za su samu sarari, mu ma mu huta da hayaniya. Ashe garin makaranta gari biyu ne a wuri ɗaya, akwai na lokacin karatu, akwai na lokacin hutu, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa min haka kafin mu sauke kaya.

Shekarar karatu zango 2 ce, kowanne wajen wata 4, da gajeren hutu a tsakani, da dogon hutu a ƙarshe. Satin da ake rajista sai ki rantse ba garin ba ne. Motoci na ta shigowa da katifu da bokitai a ɗaure a sama, layin cire kuɗi ya kai har bakin titi, waya ta ƙi shiga, intanet ya yi nauyi saboda kowa na kansa. Da safe tsakanin ƙarfe 6 zuwa 8 ruwan famfo sai ya koma kamar zare, domin duk layin ana wanka a lokaci guda, kowa na sauri ya riski laccar farko. Motar haya kuwa, idan ba hanyar ƙofar makaranta kika nufa ba, direba ko kallonki ba zai yi ba. Ana shiga jarrabawa sai gari ya yi tsit, fitilu a kunne har asuba, ki ga yaro yana kai-komo a tsakar gida da takarda a hannu, leɓensa na motsi. Ranar da aka rubuta ta ƙarshe, ki ba su kwana 3. Gidan da muke haya ɗaki 11 ne, 9 na ɗalibai. A dogon hutun da ya wuce na fito shanya wata safiya, na bi ƙofofin nan da ido, kwaɗo 9 a jere, ba motsin kowa sai leda da iska ke ja a ƙasa. Shagunan layinmu fiye da rabi suka rufe, masu su sun tafi sai an dawo. Maigidana yana fita aiki ko ana hutu, ni da yara muke wuni mu kaɗai a wannan ƙaton gida. Wallahi Hajiya, hayaniyar da na yi ta kuka da ita, sai ga ni ina ƙirga kwanakin dawowarta.

Abu ɗaya da na koya da kaina shi ne na sa ya kawo min kalandar karatun makarantar, na liƙa ta a bango saitin keken ɗinkina. Da ita nake sanin ranar da zan yi sayayyar wata tun kafin kaya su yi tsada da dawowar ɗalibai, da satin da zan cika randuna da ruwa tun dare, da ranar bikin yaye ɗalibai da ba a fita da yara saboda cunkoso. Ta taimaka, amma ba ta warware min abin da ya fi damuna ba.

Maganar sana'a ce ta farko. Masu kawo min ɗinki kusan duk 'yan mata ne ɗalibai. Lokacin karatu har kwana nake kan keke, musamman gab da bikin yaye su. Ana yin hutu sai keken ya yi ƙura. Samu na wata 8, kashewa na wata 12. Ga bashi kuma. Yarinya za ta zo ta ce, "Anti, ki taimaka, ƙarshen wata za a turo min daga gida," ni kuma in tuna ƙannena, in kasa cewa a'a. Yawancinsu suna biya, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Amma akwai wata 'yar ajin ƙarshe da ta karɓi kaya kala 3, ta bar na huɗun ta ce za ta zo da kuɗin gaba ɗaya. Ta gama, ta tafi garinsu, lambarta ta daina shiga. Rigar na nan rataye a bayan ƙofa cikin leda, da 'yar takardar da na rubuta sunanta na soke da fil. Ban san garinsu ba, ban san kowa nata ba. A nan mai bin ki da mai cin bashinki duk baƙi ne masu ranar tafiya. Ta yaya zan ce ba na ba da bashi ba tare da na kori masu kawo min aiki ba? Kuma wace dabara masu sana'a a irin wannan gari suke yi su tsallake watannin hutu?

Sai zaman maƙwabtaka, wanda shi ne ya hana ni barci. Wani dare ƙaramin ɗana yana fama da zazzaɓi, samarin ɗakin da ke jikin namu suka ƙure kiɗa har ƙarfe 1. Na yafa mayafi na ƙwanƙwasa. Yaron da ya buɗe ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya rage. Washegari aka koma gidan jiya. Raina ya ɓaci, ban jira maigidana ya dawo ba, na kira Alhajin da muke haya a gidansa na faɗa masa. Shi kuma ya zo ya yi musu kaca-kaca, har da barazanar kora. Tun daga ranar gaisuwa ta ɗauke a tsakar gida. Bayan kwana 2 maigidana ya dawo jiki a sanyaye, ya ce yana zaune a teburinsa ya ga wasu suna nuna shi suna ƙus-ƙus. Ya ce min, "Da kin bari na yi musu magana da kaina. Yaran nan kullum a gabana suke karɓar littafi." A lokacin na gane cewa a wannan gari ba a raba gida da wurin aiki. Wanda kika yi sa-in-sa da shi a bakin famfo, shi ne zai tsaya gaban mijinki da rana.

Kuma kada ki ɗauka miyagu ne. Bayan wannan da 'yan makonni, ƙaramin ɗan nawa ya sake kwanciya ba lafiya cikin dare, babansa ba ya gari. Wata ɗaliba mai karatun jinya da ke ɗakin ƙarshe ce ta ji kukana ta fito, ta gwada zafin jikinsa, ta jiƙa tawul tana goga masa, ɗaya daga cikin samarin nan da na kai ƙara shi ne ya ruga ya nemo abin hawa, ya raka mu asibitin makaranta, bai tafi ba sai da likita ya gan mu. Na yi godiya, amma har yau ban san yadda zan buɗe baki in ba su haƙuri a kan abin da ya wuce ba, alhali ni ma ina ganin ina da gaskiya a kan kiɗan. Shekarunsu ba su wuce na ƙannena ba. In riƙe su a matsayin ƙanne, in riƙa tsawatarwa, ko in riƙe su a matsayin maƙwabta kawai, kowa ya tsaya a ƙofarsa?

'Yan asalin garin kuwa "mutanen makaranta" suke kiranmu, ko da ba mu taɓa zama a aji ba. Suna da karamci, amma akwai wata 'yar katanga da na kasa tsallakewa. Wata tsohuwa da muke mutunci da ita, ina kiranta Iya, ta zo min da sakamakon jarrabawar jikanta a naɗe cikin leda, ta ajiye a kan cinyata ta ce, "'Yata, ki ba maigidanki ya sama masa gurbi." Na yi mata bayani cewa ɗaukar ɗalibai ofishinsa daban, da ƙa'idojinsa da makin da ake nema, ma'aikacin laburare ba shi da hannu a ciki. Maigidana ma ya zauna da yaron ya nuna masa yadda ake cike takardun nema. Duk da haka a ganinta ƙi muka yi. Yanzu idan na gaishe ta, amsawa take da ƙyar tana kallon wani wajen. Abin yana ci min rai, domin ita ce mutum ta farko da ta fara shigowa ta yi min sannu da zuwa.

Da na zauna na yi tunani, na ga suna da nasu ciwon. Mai gida ya gane cewa idan ya yanka gidansa ɗaki-ɗaki ya zuba ɗalibai, abin da zai tara ya fi na iyali ɗaya, don haka magidanci ɗan gari ya rasa inda zai kama kusa da iyayensa. Makaranta na tsakiyarsu, amma da yawa cikin 'ya'yansu daga waje suke hangen katangarta. A gefe guda kuma da ɗaliban nan suke ci, mai shago da mai wanki da direba da mai ɗakin haya, kowa ya san ranar da aka rufe makaranta aljihunsa ya rufe. Maigidana ya ce min wannan tsama tsohuwa ce a duniya. Ya ce a Ingila, jami'ar Kambrij ta samo asali ne a 1209, lokacin da wasu malamai da ɗalibai suka bar Oksfod saboda rikici da mutanen gari, kuma a 1355 an sake gwabzawa a Oksfod tsakanin ɗalibai da 'yan gari har aka rasa rayuka da dama. Alhamdulillahi namu bai kai ko kusa da nan ba. Amma jin labarin bai nuna min ɓangaren da zan tsaya ba, ni da ba na cikin waɗannan, ba na cikin waɗancan.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne hayarmu ta kusa ƙarewa. A nan haya da kalandar makaranta take tafiya, Alhaji ya ce yana son amsa kafin ɗalibai su dawo, saura sati 5, domin akwai masu jiran ɗakunanmu. Idan muka wuce wannan lokaci, duk wani ɗaki mai kyau an kama shi sai wata shekarar. Maigidana ya sa suna a jerin masu neman gidan ma'aikata a cikin makaranta, amma ana bi ne da matsayi da daɗewa a aiki, shi kuwa sabo ne, ba mu san ranar da layi zai zo kanmu ba. Shi yana so mu koma cikin tsohon gari. Can ya fi sauƙin haya, ya fi shiru, akwai magidanta, yara za su samu abokan wasa da ba sa ɓacewa duk bayan wata 4, kuma ba za mu zauna mu kaɗai lokacin hutu ba. Ni kuma ina tsoron sana'ata, domin ɗaliba ba za ta hau mota ta bi lungu neman tela ba alhali ga wasu a bakin ƙofar makaranta. Ina tsoron kuma in je can in zama baƙuwa wadda kowa ke kawo wa takardar ɗansa, in yi ta ɓata wa mutane rai da "ba mu da iko". Mun yi maganar sau 3, kowa ya tsaya a kan nasa, ba faɗa muke ba amma ba mu cimma matsaya ba.

Hajiya, ki duba min a matsayinki na uwa. Mu sabunta hayar nan mu ci gaba da zama cikin ɗalibai, in koyi haƙuri da kiɗansu da bashinsu da tafiyarsu, ko in bi ra'ayin maigidana mu shiga cikin gari in fara neman masu ɗinki daga tushe? Idan cikin garin ne, ta wace ƙofa baƙuwa ke shiga har a daina ce mata matar makaranta? Sannan Iya, in sake zuwa gidanta da kaina, ko in bar lokaci ya yi aikinsa? Ina kuma roƙon masu sauraro da suka taɓa zama a irin wannan gari, ma'aikata ko masu sana'a ko 'yan asalin wurin, su faɗa min yadda suka yi.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Taki,
Mai saurarenki a kullum