Baffa, ga amsar tambayar da ka yi min ranar taron iyaye

Assalamu alaikum Baffa, Allah ya ƙara girma. Ranar Asabar a taron iyaye da malamai ka miƙe gaban kowa kace wai don me na ba ɗanka da sauran ƴan aji shida littafin da ba komai cikinsa sai ƙwacen budurwa da satar ƴan siyasa, kuma marubucinsa kamar da saninsa aka yi juyin mulkin da ya ci Sardauna. A wajen ban iya cewa komai ba, kaina na sunkuyar, don ba zan tsaya ja-in-ja da kai a gaban mutane ba. Amma tunda a fili ka tambaya, kuma har a bakin kasuwa ana ta maida zancen, bari na amsa a fili, yaran nan su karanta maka a waya.

Littafin dai shi ne A Man of the People na Chinua Achebe, ya fito a 1966. Kwafi ɗaya gare ni tal, bangon ya yage na liƙe da salatif, shi yaran ke karɓa karɓa.

Na fara da maganar Sardauna don na san ita ta fi ci maka rai, ni ma tana ci min. Gaskiya ne littafin ya ƙare da sojoji sun kifar da gwamnati, kuma gaskiya ne fitowarsa ta zo daidai da 15 ga Janairu 1966, ranar da aka kashe Sardauna a Kaduna aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas. Har shi marubucin an zarge shi a lokacin. Amma Baffa littafi ba a dare ɗaya ake rubuta shi ba, an gama shi an kai Landan wajen bugu tun kafin abin ya faru, kuma a shekarun nan duk mai sauraron rediyo ya san sojoji sun fara, Togo an kashe shugabansu a 1963, Kwango Mobutu ya ƙwace a 1965. Wanda ya ga hadari ya haɗo ta gabas yace za a yi ruwa ai ba shi ya kawo ruwan ba. Ƙasar cikin labarin ma ba a kira sunanta ba.

To sai ƙwacen budurwa. E akwai shi, ba zan ɓoye maka ba, shi yasa ma ban taɓa ba ƴan ƙananan aji ba. Mai ba da labarin wani malamin makaranta ne irina, Odili, ya je baƙunta gidan minista Chief Nanga wanda ya taɓa koyar da shi a firamare, ya zo da budurwarsa Elsie, ministan ya bi dare ya yi abin da ya yi da ita, Odili na cikin gidan yana ji. Abin kunya ne ba shakka. Amma ka duba abin da ya biyo baya, don nan ne littafin ya kama ni. Wannan Odilin da ke ta surutun ƙasa ta lalace, ɓarayi sun cinye, sai da aka taɓa masa mace sannan ya tuna da takara. Ya shiga sabuwar jam'iyyar abokinsa Max, ya nemi kujerar Nanga, ya kuma ɗaura niyyar ƙwace Edna yarinyar da Nanga ke shirin aura ta biyu, shi kansa in ka tsare shi ba zai iya rantsuwa ba ko talaka yake wa yaƙi ko zuciyarsa yake hucewa. Kuma kafin faɗan, da ya kwana a gidan minista mai banɗaki bakwai, da bakinsa ya yarda cewa in shi aka ba wannan gadon ba zai so sauka ba.

Wallahi Baffa da na zo wajen nan ajiye littafin nayi na fita waje. Ka tuna zaɓen da na bi ƙauyuka da babur ina zagin wani ɗan takara ina cewa don talakawa nake yi? Kai ka sani ni na sani, ƙin sa min baki yayi a maganar canjin wajen aiki, shi kenan laifinsa a wajena. Ba wanda ya taɓa faɗa min haka a fuska sai wannan littafin.

Shi ma Nangan ba a zana shi da ƙaho ba. Mutum ne mai faram faram, ga raha ga kyauta, ya tuna sunan ɗalibinsa bayan shekaru, in ya shigo taro kowa sai ya ji kamar ɗan uwansa ne ya zo. Ministan al'adu ne amma a wajen baje kolin littattafai bai ma san marubutan ƙasar ba, kuma ko a jikinsa. Da ya ga Odili ya dage sai ya zo har gaban mahaifinsa da fam 250 da alƙawarin karatu a waje, wai ya janye. Odili ya ƙi, to amma Max ɗin da ake gani kamar shi ne mai aƙida ya karɓi fam 1000 a hannun wani ministan yace ai da kuɗin za su yi kamfen. Irin wannan lissafin kam mun sha jin sa a majalisar ƙofar gidanka.

Sai maganar bututu. An jibge bututan ruwan famfo a ƙauyen su Odili, da aka ga ƙauyen na neman bin ɗansu sai aka turo mota ta kwashe, nan take gari ya juya masa baya. Da muka zo nan wani yaro ya ɗaga hannu yace Malam ai irin taransifomar mu ce. Ka san ta, wadda aka sauke a gindin tsamiya ana saura sati uku zaɓe, muka yi ta ɗaukar hoto da ita, bayan an ƙirga ƙuri'a aka zo da daddare aka ɗauke. Ni ban ce masa komai ba, shi ya haɗa da kansa.

Akwai kuma wani ɗan tireda Josiah da ya sace sandar makaho don ya yi asirin ciniki, gari gaba ɗaya ya ƙaurace wa shagonsa har ya rufe, suka ce ya ɗiba har mai kaya ya gane. Amma mutanen nan su ne ke tafa wa Nanga, don kuɗin gwamnati a ganinsu ba shi da mai shi, in ɗanmu ya ci ai mu muka ci. Mu ma nan ɓarawon akuya ba ya kwana a gari, wanda ya cinye kuɗin asibiti kuwa shi ake shimfiɗa wa darduma a sahun gaba.

Ba wai ba shi da aibu ba fa. Turancin buroka da ke ciki yana wahalar da yaranmu sosai, sai na zauna na fassara musu, kuma matan labarin yawanci kamar kayan faɗa ne tsakanin maza biyu, in ka cire Eunice budurwar Max, da ta harbe ministan da motarsa ta take shi Max ɗin. Da akwai fassarar Hausa a hannuna da na fi so.

In bayan duk wannan ka ce a karɓe daga hannun ɗanka, ɗanka ne, zan karɓa ba gardama. Amma dan Allah ka bari na zo ranar Juma'a bayan la'asar na karanta maka babin bututun nan da Hausa, a kira su Kawu ma su zauna. A gaida su Inna, a ce mata ban manta da saƙon daddawar ba.

Ɗanka, malamin Turanci.