Amsa ga Alhajin da ya ce mene ne abin rubutawa a kan ɗan dako

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar da ka bugo waya gidan rediyo a nan Garwa, ka tambaye ni don me mai karatun jami'a zai ɓata shekaru yana bin tarihin leburori da 'yan dako, ga tarihin lamidai da malamai nan jibge. Lokaci ya ƙure kafin in amsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Alhaji, sarakuna ba su rasa marubuta ba. Marigayi Eldridge Mohammadou, masanin tarihin arewacin Kamaru, ya yi musu hidima mai yawa. Amma ɗauki littafin tarihin ƙwadago a Kamaru, za ka ga kusan duk labarin Duwala ne: yajin aikin Satumba 1945, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta USCC, da jagoranta Ruben Um Nyobè. Kai ka ce arewa ba a taɓa yin gumi ba.

Alhali ga tashar jirgin ruwa a bakin Binuwai. A wancan zamani jirage ba sa isowa sai ruwa ya cika da damina, cikin 'yan makonnin nan ake loda gyaɗa da auduga, a sauke gishiri da siminti, duk a kan mutum. Takardun Turawan Faransa sun ƙirga buhuna da dilolin auduga tsaf. Sunan wanda ya ɗauka fa? Sai dai ka ga "ma'aikata kaza".

Bara na zauna da wani tsoho da ya yi dako a tashar. Ya cire hula, ya kama hannuna ya ɗora a tsakar kansa, inda gammo ya cinye gashi, fatar ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Ya lissafa mini masu unguwar da suke tara su, da kuɗin buhu, da ranar da suka ƙi ɗauka sai an ƙara. Ban ga wannan ranar a kowace takarda ba.

Tsallaka Cadi ma. Daga ƙasar ƙabilar Sara, a kudancin Cadi, aka kwashi samari zuwa aikin layin dogo na Kongo tsakanin 1921 da 1934, dubbai ba su dawo ba. Aikin tilas kuwa sai a 1946 doka ta hana shi.

Tsohon nan ya rasu bayan Sallar layya, Allah Ya jiƙansa. Na ji ka ce mahaifinka ya yi fataucin goro zuwa Marwa. In ka yarda zan zo da rikoda, ka gaya mini su wa suka ɗauko masa huhunan.

Na gaishe ka.