Yaƙi ya bar wa wasu magani, mu me namu zai bari?

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Sana'ata sayar da magani a Fagge. Da damina ta kankama, babu abin da ke fita kamar maganin zazzaɓin cizon sauro, ƙwayoyin nan ruwan ɗorawa guda 24 da ake sha safe da yamma kwana uku. Masu saye ba su san yaƙi ne ya haife shi ba. A yaƙin Biyetnam zazzaɓi na ta kwantar da sojoji, kulorokwin kuma ya daina yi musu aiki. Sai gwamnatin Sin, da ke mara wa Biyetnam ta Arewa baya, a 1967 ta tara masananta ta ce lallai a samo mafita. Wata mata, Tu Youyou, ta tono tsofaffin littattafan maganin gargajiyarsu, ta tace sinadarin da ya zama tushen maganin nan daga wani ganye dangin tazargade. Tazargaden dai da iyayenmu mata ke jiƙa wa yara! A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Haka fenisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tun 1928 wani masani mai suna Fleming ya gano shi, amma sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya matsa kafin masana'antun Amurka su fara sarrafa shi da yawa. Intanet da GPS mai nuna wuri a waya ma daga hannun soja suka fito.

Ba yabon yaƙi nake ba, Allah Ya raba mu da shi. Abin lura, wuya ce ke sa gwamnati ta saki kuɗi, ta ba masana aiki guda, ta kuma tsare su sai sun gama.

To mu fa? Tun 2009 muke fama da Boko Haram, ga 'yan bindiga sun addabi Zamfara da Katsina. Jiragen Super Tucano daga Amurka muka sayo. Alhali Biyafara, a tsakiyar takunkumi, ta tace fetur ta ƙera bam ɗin Ogbunigwe.

Muna da injiniyoyi a Jami'ar Bayero, muna da makanikai a Ƙofar Ruwa masu tayar da injin da kowa ya yanke masa ƙauna. A ware musu kaso daga kasafin tsaro, a ce su ƙera jirgi marar matuƙi mai leƙen daji da ƙafar roba mai araha ga sojojin da nakiya ta raunata, a kuma sa musu wa'adi.

Naku,
Mai kantin magani,
Fagge, Kano