Ka sauka da ƙafarka, ɗana

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Mahaifiyarka ta shaida mini wa'adinka na shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwarku ya cika, amma wasu na zuga ka a taɓa dokar ƙungiya ka zarce. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Ka tuna Sayyidina Hasan ɗan Ali. Da mahaifinsa ya rasu mutanen Kufa suka yi masa mubaya'a, ga runduna a bayansa, ga nasabar da babu mai irinta. Bayan kamar wata shida, a shekara ta 41 bayan Hijira, ya sauka ya bar wa Mu'awiya, ya koma Madina, don kada jinin Musulmi ya ci gaba da zuba. Har cikin mutanensa an samu masu yi masa gorin ya ƙasƙantar da su. Alhali kakansa, Manzon Allah (SAW), ya riga ya faɗa a kan mumbari cewa ɗan nan nasa shugaba ne, kuma ta hannunsa Allah zai sulhunta manyan ɓangarori biyu na Musulmi. Ka duba da kyau, ranar da ya saki mulki ita ce ranar da wannan yabon ya tabbata.

A zamaninmu ma ga Janar Abdulsalami. Ya hau a Yunin 1998, ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 1999, bai cika shekara ba. Yau in zaɓe ya ƙarato, a gabansa 'yan takara ke sa hannu kan zaman lafiya.

Ni ban yi wannan hankalin ba. Lokacin da nake riƙe da ƙungiyar manoman garinmu, masu cin abinci a gindin kujerata suka ce in ba ni ba kowa. Na yarda, na ƙara shekara uku. Ƙungiya ta dare gida biyu, aminina na ƙuruciya ya rasu ba ma gaisawa. Har yanzu abin na ci mini rai.

Ka kira taro kafin azumi. Ka karanta musu lissafin kuɗi kobo-kobo, ka miƙa littattafai da makulli ga wanda suka zaɓa, ko da ba naka ba ne. In ya nemi shawara ka ba shi, in bai nema ba ka koma rumfarka.

Ka kawo mini jikokina da Sallah.

Mahaifinka.