Gaisuwar Babbar Sallah daga Newcastle da labarin ziyararmu zuwa Beamish

Zuwa ga Baba da Inna, da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah, ina kuma roƙon Allah ya karɓi layyarku da sauran ibadunku, ya nuna mana ta baɗi cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri. Surukarku da jikokinku suna nan lafiya, sun ce in miƙa gaisuwarsu cikin ladabi. Mun samu sallar Idi tare da jama'a, ko da yake ranar ba ta hutu ba ce a ƙasar nan ta Ingila, sai da wani abokin aikina a asibiti ya karɓar mini aikin safiya. Layyarmu ta hannun mahauci muka yi ta, domin doka ta tanadi a yi yankan addini a mayanka mai lasisi kaɗai.

Da yake babu hawan Sallah a nan, babu kuma dangin da za a zagaya gaisarwa, sai muka yanke shawarar kai yara yawon Sallah wani gidan tarihi da ake kira Beamish, a gundumar Durham, kudu da garin da muke zaune. Labarinsa nake so in ba ku, domin tun da muka dawo yake cikin raina, kuma akwai alfarmar da zan nema saboda shi.

Wurin fili ne mai faɗin fiye da eka 300 a cikin karkara, kuma maimakon a jera kaya a bayan gilashi, an tayar da gari sukutum da shagunansa da makarantarsa da tashar jirginsa da ƙauyen mahaƙan kwal, yadda suke a shekarun da suka gabaci Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato wajen 1913. Yawancin gine-ginen na ainihi ne: daga garuruwan yankin aka rushe su a hankali, aka kwaso duwatsu da jan bulo da ƙofofi, aka sake gina su a nan kamar yadda aka same su. Ma'aikatan suna sanye da tufafin wancan zamani, suna hura wuta, suna gasa burodi, suna auna kaya a ma'auni, kuma duk abin da baƙo ya tambaye su za su tsaya su amsa masa. Daga bakin ƙofa wani tsohon taragon lantarki mai hawa biyu ne ya ɗauke mu, yana bin layin dogo yana kaɗa ƙararrawa, har ya sauke mu a tsakiyar titin garin.

Wani mutum mai suna Frank Atkinson ne ya assasa wurin, aka kafa shi a 1970. Ya ga irin waɗannan gidajen tarihi a ƙasashen arewacin Turai, ya kuma lura cewa a yankinsu ana rufe mahaƙan kwal ɗaya bayan ɗaya, ana rushe unguwannin ma'aikata, mutane suna zubar da kayan iyayensu a juji saboda suna ganin tarkace ne. Sai ya ɗauki wata ƙa'ida wadda ita ce ta fi burge ni: duk abin da aka kawo masa zai karɓa, ba ya zaɓe. Tukunya, keken ɗinki, takalmin mahaƙi, littafin bashi na mai shago, duk ya tara, har kayan suka cika ɗakunan wani tsohon barikin soja kafin a sami filin da za a baje su. Da ya tsaya neman abin da ya shafi sarakuna da attajirai kaɗai, da yau babu wanda zai san yadda matar mahaƙi take dafa abinci.

A cikin garin mun fi daɗewa a shagon ƙungiyar gama-kai, wanda aka ɗauko daga wani gari mai suna Annfield Plain. Sashe uku ne: na kayan abinci, na yadi da tufafi, da na kayan ƙarfe da na aikin gida. Shagon mallakar masu sayayya ne da kansu, kowane gida yana da lambarsa, ana rubuta duk abin da ya saya, sa'an nan lokaci-lokaci a raba riba gwargwadon cinikin da kowa ya yi, kuma da wannan rabo iyaye mata da yawa suke saya wa yara takalma. Tsarin ya samo asali ne daga garin Rochdale a 1844, inda masaƙa suka haɗa kuɗi suka buɗe shago domin su tsira daga tsada da algus. Na tsaya ina kallon yadda ake biyan kuɗi: mai shago ya sa kuɗin da takardar ciniki cikin wata 'yar ƙwallon katako, ya ɗaga ta zuwa wani siririn layi da ke bin rufin shagon, ta gangara har ɗakin ma'aji, can kuma ta dawo da canji. Farashin da ke jikin kaya duk da fam da sule da kwabo aka rubuta shi, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, irin lissafin da Baba ya tashi da shi kafin naira ta zo a 1973. Jikanku babba ya kasa gane lissafin, na ce masa ya bari sai kun yi waya Baba ya koya masa da sisi da taro.

A kan kantar shagon na ga sabulun Sunlight, sai na tuna cewa man ja na Afirka ta Yamma yana cikin abin da masana'antun sabulun Ingila suka dogara da shi, kuma a daidai waɗannan shekaru ne jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano, a 1912, gyaɗarmu ta kama hanyar teku. Matar da ke sayen sabulu a wannan shago da manomin da ke kai gyaɗa sikeli a ƙasar Kano ba su san juna ba, amma ciniki ɗaya ne ya haɗa su.

Akwai jerin gidaje da aka kwaso daga Gateshead, ɗaya na lauya, ɗaya na malamar kiɗa, ɗaya na likitan haƙori. Saboda aikina, ɗakin likitan ya tsayar da ni. Na'urar huda haƙori da ƙafa ake taka ta, kuma ma'aikaciyar wurin ta gaya mana cewa wasu iyalai kan biya a cire wa budurwa haƙoranta gaba ɗaya kafin aure a sa mata na roba, domin kada mijinta ya sha ɗawainiyar kuɗin magani nan gaba. Sai a 1948 aka kafa tsarin kiwon lafiya na kyauta wanda nake aiki a ƙarƙashinsa yanzu. Mun wuce banki da maɗaba'a da garejin motoci da mashaya ba mu tsaya ba, amma shagon alewa bai bari mun wuce ba, domin a gaban idon yara ake dafa sukari a zuba shi a kan tebur a murza a yanka.

Ƙauyen mahaƙa shi ne inda zuciyata ta fi karaya. A 1913 Birtaniya ta haƙo kwal tan miliyan 287, wanda shi ne mafi yawa a tarihinta, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya ne ke wannan aiki. An ba mu hular kwano muka shiga wani tsohon rami da aka fara haƙa a 1855 aka rufe a 1958, wanda ake shigarsa da ƙafa ta gefen tudu. Rufinsa bai kai tsayin mutum ba, a sunkuye muka yi tafiyar, ruwa yana ɗiga, sanyi yana ratsa riga duk da ana tsakiyar bazararsu. Da muka kai inda ake tsayawa, jagoran, wani dattijo da ya ce mahaifinsa da kakansa duk mahaƙa ne, ya nuna mana yadda mutum ke kwanciya a gefe ɗaya yana saran kwal da diga, sa'an nan ya rage haske har ya zama daidai da na fitilar mahaƙi. Ƙaramar jikarku ta riƙe hannuna gam. Irin wannan fitila ta kariya, wadda Humphry Davy da George Stephenson kowannensu ya ƙirƙiro irin tasa a 1815, an yi ta ne domin kada harshen wuta ya haɗu da iskar gas ramin ya fashe. Duk da haka, a watan Fabrairun 1909 wata mahaƙa ta fashe a West Stanley, 'yar tafiya kaɗan daga inda muke tsaye, mutum 168 suka rasu, manya da yara samari. Dokar da ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 shiga rami ma sai a 1842 aka yi ta.

Gidajen mahaƙan ƙanana ne, a manne da juna, an ɗauko su daga Hetton-le-Hole. Mai mahaƙa ne ke ba da gidan da kwal ɗin hura wuta, saboda haka ranar da aiki ya ƙare, ranar zaman gidan ma ya ƙare. Babu makewayi a ciki, yana can bayan gida, toka ake zubawa a kai. Mun tarar da wata mata zaune kusa da murhun ƙarfe wanda wutarsa ba ta mutuwa, a gabanta an ɗaure buhu a jikin katako, tana cusa yankakkun tsummokin tsofaffin tufafi ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan tsinke, har su zama shimfiɗar ƙasa mai kauri da ado. Ta bayyana mana cewa idan gida yana da miji da 'ya'ya maza da ke shiga rami a lokuta dabam-dabam, uwar gida ba ta da cikakken barci, domin duk wanda ya dawo, ko da tsakar dare ne, sai ta dafa ruwa ta cika bahon kwano a gaban wuta, ta ba shi abinci, ta kakkaɓe kayan aikinsa ta shanya. Surukarku ta zauna kusa da ita ta gwada cusa tsumman, suka daɗe suna hira.

Mun taso muna ɗauka cewa Turawan da suka ci Kano a 1903 daga ƙasar da kowa ke cikin daula suka fito. Ga shi kuwa a shekarun da suke kafa mulki a kanmu, talakawansu suna wanka a baho a tsakar ɗaki, suna binne 'ya'yansu saboda cututtukan da yau allura ɗaya ke karewa. Wannan bai rage komai daga abin da aka yi wa kakanninmu ba, amma ya nuna mini cewa dukiyar da ta gina manyan biranensu da gumin talakawa aka tara ta, nasu da namu.

A makarantar ƙauyen yara sun zauna a kan benci sun yi rubutu a allon dutse, malami yana tsaye da bulalarsa, a waje kuma suka sami zoben ƙarfe da ake korawa da sanda, kamar gare-garen da muke yi a ƙofar gida. Akwai shagon soya kifi da dankali a kan wutar kwal, layi har waje, amma da na tambaya aka ce da kitsen shanu ake suyar, sai muka haƙura muka ci naman Sallarmu da muka yi guzuri.

Abu ɗaya ne na ga wurin ba zai iya nunawa ba. Titunansa a share suke, ma'aikatansa ƙosassu ne, babu mai tari. Ni kuwa a ɗakin da nake aikin jinya nakan karɓi tsofaffin da ƙurar kwal ta cinye musu huhu, waɗanda ba sa iya zuwa makewayi sai da bututun iska a hanci, domin sai a 1993 aka rufe manyan mahaƙan ƙarshe na Durham. Da yawansu suna kewar aikin duk da abin da ya yi musu, suna ba ni labarin zumuncin da ke tsakanin waɗanda suka shiga rami tare. Yanzu da na ga inda suka fito, na fi fahimtar abin da suke faɗa mini.

Alfarmar da nake nema ita ce, Baba, kada a sayar ko a zubar da kayan marigayi Kaka da ke ɗakin soro: keken ɗinkinsa, da almakashinsa, da akwatin da yake ajiye takardun haraji da littafin awon abokan cinikinsa, da ragowar kwabban da ke cikin gwangwani. Na san an yi maganar gyaran soron bayan damina, shi ya sa nake gaggauta faɗa. Haka kuma tasoshi da ƙoren da Inna ta gada, ko da wasu sun tsage. Ina kuma roƙon Yaya, idan ya sami sarari a cikin kwanakin Sallar nan da dangi ke taruwa, ya zauna da Hajiya Babba ya ɗauki muryarta a waya, ta ba da labarin yadda aka yi aurenta, da abin da ake saye a Kurmi da sule ɗaya, da sunayen gidajen da ke layinmu kafin a fasa titi. Kada a katse ta ko da ta maimaita magana, kada kuma a ce wani abu bai isa a ɗauka ba. Zan aiko da kuɗin akwatin ƙarfe mai kulle da za a adana kayan a ciki, tare da na maganinta, a ƙarshen watan nan in Allah ya yarda.

A gaishe mini da Hajiya Babba da kyau, a ce mata ina neman addu'arta. A gaida Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, da Yaya da ƙannena duka, da Malam Liman da maƙwabta. Hotunan da muka ɗauka na tura su wayar Yaya domin ya nuna muku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ɗanku mai neman albarkarku.