Gonakin gefen Zariya: alkawarin baka ba zai tsare su ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci a kan gonakin da ke kewaye da Zariya, waɗanda bulo ke ci kullum.

Duk wanda ya bi hanyar Samaru zuwa Shika, ko ya leƙa Basawa da Dakace, ya san zancen. Inda muka taso muna ganin dawa da masara, yau sai turakun siminti da harsashin gini. Ni dai ba na ganin laifin masu sayarwa. Uba ya rasu, magada sun yi yawa, gona ɗaya ce, ga dillali ya zo da kuɗin da kaka biyar ba za ta tara ba.

A gidanmu mun taɓa gwada tsare tamu. Bayan rabon gado muka zauna gaban dattawa, muka yarda cewa ba za a yanka gonarmu ta fadama fulotai ba, har takarda muka rubuta. Ba a yi damina uku ba wani ɗan'uwanmu ya sayar da rabonsa, aka yi awon igiya, aka fara gini. Takardar tana nan a akwati, amma ba wata hukuma da ta san da ita, balle ta hana.

Abin da ya sa ke nan tsarin jihar Kalifoniya ta Amurka ya ja hankalina. Tun 1965 suke da dokar Williamson: manomi da kansa, ba tilas, yake ƙulla yarjejeniya da ƙaramar hukumarsa cewa gonarsa za ta ci gaba da zama gona aƙalla shekara 10, su kuma a rage masa harajin fili. Yarjejeniyar tana sabunta kanta duk shekara. Wanda ya nemi a soke ta kafin lokaci sai ya biya kashi 12.5 cikin ɗari na darajar filin. Shiga ganin dama ne, fita kuwa da lissafi, kuma akwai mai riƙe da littafin.

Mu ma ba daga tushe za mu fara ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa amanar filaye a hannun gwamna, hukumar KADGIS ta jihar Kaduna tana rajistar filaye, hukumar tsara birane ta KASUPDA ke ba da izinin gini. Me zai hana a buɗe rajista ta musamman ga wanda ya yarda ya bar gonarsa ga noma? Harajin gona ba shi ne damuwar manominmu ba, don haka ladan ya zama takardar mallaka kyauta, da taki a kan kari, da ingantaccen iri irin na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke nan Samaru.

Sai dai in ba sa ido, wasu za su karɓi takin da hannun dama, su yanka gonar da hagu. Malamin gona da mai unguwa su taka kowace gona sau ɗaya bayan kaka. A liƙa sunayen gonakin a sakatariyar ƙaramar hukuma, don mai saye ya duba kafin ya biya. Kada a sa hannu a kan taswirar gini a gonar da ke cikin rajista.

Ita ma gwamnati ta ɗaure kanta, tunda sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Ba wanda zai yarda ya juya wa dillali baya, gobe kuma a zo a raba gonar tasa ga manya.

In za a gwada, a fara da fadamun Galma da Kubanni, inda ake rake da tumatir da kayan lambu har da rani.

Wassalam,
Wani manomi daga Dakace, Zariya