Likitocin tiyatar yara, ku sa ma'aikatan karkara cikin zamanku

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana da likitocinmu na tiyata, musamman masu aikin kai da wuya da fuskar ƙananan yara. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na fara aiki a ƙaramin asibitin karkara a ƙasar Misau, na ƙare a ɗakin tiyata kafin in yi ritaya.

Akwai wata al'ada mai kyau da likitocin nan ke da ita wadda jama'a ba su sani ba. Idan aka kawo yaro da lalura mai wuyar sha'ani, ba likita ɗaya ke yanke hukunci ba. Zama suke yi: likitan kunne da hanci da maƙogwaro, da na haƙori da muƙamuƙi, da na gyaran fata, da likitan yara, da mai duba hoto, da mai gwajin tsoka, sai kuma mai sa barci. A baje hotuna, kowa ya faɗi abin da ya gani, wani lokaci har murya ta tashi. Na sha kai musu fayil ina tsaye a gefe, kuma tambayar da ta fi sa ɗaki ya yi tsit ita ce ta mai sa barci: “Idan na kwantar da yaron nan, ta ina zan sa masa bututun numfashi?” Hanyar iskar jariri ba ta fi faɗin bututun biro ba. Kumburin da babba zai yi yawo da shi, shi ne zai shaƙe jariri. A wuya kuma jijiyoyin jini da na murya da na haɗiya duk a cunkushe suke wuri guda, kuskure kaɗan sai yaro ya tashi ba murya ko da karkataccen baki. Wannan zama nasu ya ceci rayuka a gabana, Allah Ya saka musu da alheri.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin yaran da ake wannan zama a kansu, tun a gida da kemis da ƙaramin asibiti lamarinsu ya rikice. Waɗanda suka fara ganinsu kuwa ba su taɓa jin abin da ake faɗa a ɗakin ba.

Ba na mantawa da wani yaro ɗan makiyaya da aka kawo mana muƙamuƙinsa ya kumbura har ya ture ido ɗaya sama. Mahaifiyarsa ta ce da haƙori ya fara, ya yi girgiɗi, aka kai shi wani shago aka cire. Kumburi bai saɓe ba, sai wanzami ya yi masa sakiya, ba mugunya sai jini. A asibitin garinsu aka yi ta ba shi allurar kashe ƙwayoyin cuta. Kafin su iso gare mu an sayar da tumaki, yaron ba ya iya tauna, koko take ɗura masa da ludayi ta gefen baki. Uban ya zo da kuɗinsa a ƙulle a leda yana cewa, “Likita, a yanke masa abin nan kawai.” Da likitoci suka zauna sai suka ce ba yanka yake buƙata ba. Aka ɗebi tsoka aka gwada, ashe kansar nan ce ta muƙamuƙin yara wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Tana girma da sauri ƙwarai, amma tana jin magani idan an fara da wuri. Ma'aikacin da ya fara ganin yaron ba mugu ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa idan muƙamuƙin yaro ya kumbura cikin 'yan kwanaki, haƙora suna girgiɗi, kada ya cire komai, ya tura shi gaba a ranar.

Haka abin yake ga cutar noma mai zaizaye baki da kumatu. Da ɗan miki a dasashi da warin baki take farawa, galibi ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta kama ko ya tashi daga ƙyanda. A wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Idan aka bar ta, cikin kamar mako biyu ta huda kunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Wanda ya rayu kuma tabon kan ɗaure masa muƙamuƙi, baki ba ya buɗuwa, sai a yi ta tiyata kashi-kashi tsawon shekaru. Asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato tun 1999 yake wannan aiki, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana taimaka masa tun 2014. Amma daga Misau zuwa Sakkwato ba nan kusa ba ne ga wanda kuɗin motar Azare ma sai ya ranta. Nijeriya ce ta jagoranci neman a sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a watan Disamban 2023. Abin alfahari ne, sai dai ban ga alamar labarin ya isa ga wanda ke zaune shi kaɗai a asibitin ƙauye da tocila da kwalin farasitamol ba.

Ga kuma jaririn da aka haifa da taushin kumburi a wuya, mai ruwa a ciki, wanda ake yi wa tsaga har ya kama ruɓa. Ga yaron da ƙwayar gyaɗa ta faɗa masa hanyar iska ana ta ba shi maganin asma. Ga wanda ya haɗiye ƙaramin batirin agogo, wanda ke ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i, iyaye na jiran ya fito a bayan gida.

Don haka nake roƙon likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, da na tarayya da ke Azare, idan za ku yi irin wannan zama, ku riƙa gayyato ma'aikatan ƙananan asibitoci bi da bi. Ba sai sun yi magana ba, su ga hoton yaron a ranar farko, su ga yadda ya koma. Ku ba da lambar waya guda ta sashenku wadda ma'aikaci a Darazo ko Dukku ko Ningi zai tura hoto ta WhatsApp, da izinin iyaye, a ce masa ya riƙe ko ya turo. Idan kun gama da yaro, ku rubuta layi biyu a bayan takardar turowa ta koma inda ta fito. Mun tura yara da yawa a zamanina, ba mu ƙara jin ko sun rayu ba, balle mu san ko mun yi daidai.

Wanzamai da unguwarzoma ma kada a bar su a baya. Zagi ba zai hana uwa kai musu jaririnta ba, su ne maƙwabtanta, kuma ba sa neman kati. Sarkin aska mutum ne mai faɗa a ji cikin 'yan sana'arsa. A zauna da shi cikin girmamawa, a nuna masa hotuna uku ko huɗu, a ce masa, “Ranka ya daɗe, irin wannan kada aska ta taɓa.” Ranar 20 ga Nuwamba ce ranar cutar noma ta ƙasa, ma'aikatun lafiya na Bauchi da Gombe suna iya fara gayyatar wanzamai da unguwarzoma tun daga ta bana.

Wassalam.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Bauchi.